Dokar Tonawa: ba a tona asalin wani

Yau tsohuwar hanyar goro za mu bi, mu je Gwanja da Kumasi a ƙasar Gana ta yanzu, mu ga yadda mutane suke zaɓen abin da za su manta da gangan.

Kai da kake fatauci, wataƙila ka ji tsofaffi suna zancen zuwa Gwanja. Ayarin jakuna kan tashi daga Kano ko Katsina da kanwa da tufafi da fatu, a yi watanni a hanya kafin a isa Salaga a sayo goro. Goron nan daga dajin Asante yake fitowa, mutanen da fatakenmu suke kira Tonawa.

Wajen 1701 sarkinsu Osei Tutu ya ci Denkira da yaƙi, garuruwa da yawa suka koma ƙarƙashin Kumasi. Ƙasa ta cika da mutane iri-iri: waɗanda aka ci da yaƙi, da baƙi, da bayin da aka kawo daga arewa, wasunsu ta kasuwar Salaga. To, yaya waɗannan za su zama jama'a ɗaya? Sai aka kafa doka cewa ba a tona asalin wani. Wanda ya tsaya a bainar jama'a ya ce wa wani kakarsa baiwa ce, ya yi babban laifi, sai gaban sarki. Su Tonawa suna danganta dokar da Osei Tutu da mashawarcinsa Okomfo Anokye.

Ka lura da yadda abin ya yi aiki. Ba wanda ya shiga kan tsofaffi ya goge musu tunani. Sun san wanda aka haifa a gida, sun san wanda aka sayo. Bakinsu kawai aka ɗaure. Ɗa ya ji rabi, jika bai ji komai ba, zuriyar baiwa ta narke cikin dangin da ta shiga. Sai in rigimar sarauta ta taso ne dattawa kan ciro abin da suka adana. Haka zuciya take: abin da kake maimaitawa shi yake zama, wanda ka daina faɗi sai ya dusashe, kamar hanyar da shanu suka daina bi, damina biyu ciyawa ta rufe ta.

Yanzu mu dawo Gwanja ita kanta. Wajen 1900, da Turawan Ingila suka rubuta tarihin ƙasar, an gaya musu cewa Ndewura Jakpa, wanda ya kafa sarautar, ya bar 'ya'ya 7, kowanne da yankinsa. Lokacin kuwa yankuna 7 ne. Daga baya biyu suka ɓace: ɗaya aka haɗe shi da maƙwabcinsa, ɗaya kuma sauyin iyaka ya ci shi. Bayan kusan shekara 60, wani masani mai suna Jack Goody ya sake tambaya, aka ce masa 'ya'yan Jakpa 5 ne. Ba wanda ya ambaci sauran biyun. Da ba don tsohuwar takardar nan ba, da ba a san an taɓa yin su ba. Shi da abokin aikinsa Ian Watt suka buga wannan bayani a 1963.

To ka ga mantuwa iri biyu ke nan. Ta Kumasi ta rufa wa marar ƙarfi asiri, ta ba jikansa wurin zama. Ta Gwanja kuwa ta share wanda ya rasa ƙasarsa, har sunansa ya tafi.

Duka biyun suna nan a bakin iyakokinmu. Sau nawa rigimar mashaya ko ta rumfar kasuwa takan koma gorin asali, ana cewa kai baƙo ne, kakanka daga tsallake ya zo? Nan ne dokar Tonawa take da amfani, domin garin tone-tone kaza ta tono wuƙar yanka ta. Amma burtalin da kakanni suka bi, da iyakar makiyaya, da bashin da ke tsakaninka da dillali, waɗannan in ka yi shiru a kansu, 'ya'yan Jakpa biyu za su zama. A faɗe su gaban ardo da mai gari, a kafa shaidu, a rubuta.

Da dare in an zauna hira, yara suna gefe suna jin ka. Abin da ka maimaita a gabansu, shi za su ɗauka su ƙetare iyaka da shi. Sai ka zaɓa.

Allah ya kiyaye hanya, ya ba mu zama lafiya.