Dutsen Zagami da Binciken Sararin Samaniya

Ƙasar Faskari da ke kudancin Katsina tana da matsayi a tarihin binciken sararin samaniya, domin a ranar 3 ga Oktoba 1962 wani dutse mai nauyin kimanin kilo 18 ya faɗo daga sama cikin wata gona kusa da ƙauyen Zagami, ya nutse kusan ƙafa biyu a ƙasa, taku kaɗan daga inda wani manomi yake korar tsuntsaye. An kai shi ofishin binciken ma'adinai na Kaduna, bayansa baƙi ƙirin saboda ƙunar da ya sha wajen keto iska, cikinsa kuwa ruwan toka.

Asalin dutsen bai tabbata ba sai da kumbunan Viking na Amurka suka sauka a duniyar Mars a 1976 suka auna iskarta, sannan a 1995 masana suka gano irin wannan iska a kulle cikin narkakkun gurabe na dutsen Zagami, lamarin da ya nuna cewa wani gagarumin karo ne ya tsinke shi daga Mars.

Girman abin da ya faɗo wa Zagami a kyauta yana fitowa fili idan aka dubi wahalar da Hukumar Sararin Samaniya ta Turai ta sha wajen isa tauraro mai wutsiya, wato dunƙulen ƙanƙara da ƙura wanda zafin rana ke sa shi fitar da tururi mai kama da jela. Kumbonta mai suna Rosetta ya tashi a Maris 2004, ya gifta ta gefen Mars a 2007 don gyara tafiyarsa, bai kuma cim ma tauraro mai wutsiya 67P ba sai Agusta 2014. Ranar 12 ga Nuwamba aka saki ƙaramar na'urar Philae daga kumbon don ta sauka a kan tauraron, amma ƙugiyoyin da za su riƙe ta suka ƙi aiki, ta yi tsalle sau biyu ta faɗa inuwar wata gaɓa, inda batirinta ya ƙare cikin kwana uku, bayan ta aiko da sakamakon awonta.

Shi kuwa dutsen Zagami an yayyanka shi an rarraba a ɗakunan bincike da gidajen tarihi na duniya, har aka sa ɗan ɓarɓashinsa cikin kumbon Mars Global Surveyor a 1996, kuma abin takaici ne ƙwarai a ce ɗalibin Faskari ko Ƙanƙara ko Sabuwa zai fi saurin jin labarinsa daga bakin baƙi.