Rinin da Ke Tona Asirin Ƙari a Jikin Dabba

Makiyayin da ke kiwo a gefen dajin Falgore a Doguwa, ko a bakin madatsar ruwan Tiga a Bebeji, idan ya ga kumburi a idon saniyarsa, tambayarsa ɗaya ce: ƙurji ne da zai fashe ya warke, ko ƙari ne mai ci? Amsar ita ke yanke hukuncin jinya ko yanka, ido kuwa bai isa ya ba da ita ba.

Aikin likitan dabbobi a Arewa bai fara da ƙari ba. Bushiya ce ta sa Turawan mulki suka buɗe sashen dabbobi a Zariya a 1913, suka mayar da shi Vom a 1924. Annoba mai share garke ita ta cinye hankali, kuma da gaskiyarsu. Sai bayan kafa tsangayar likitancin dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello, cikin shekarun 1960, duba tsokar dabba a madubin likita ya zauna da gindinsa a yankin nan.

Tsohuwar hanya rini biyu ce, hematoksilin da iyosin, da ake haɗawa tun ƙarni na 19: ɗaya ya shuɗanta cibiyar ƙwayar halitta, ɗayan ya ba sauran jikinta ja-ja. Matsalarta, ƙari iri-iri kan yi kama da juna kamar tagwaye. A 1941 Albert Coons na Amurka ya ɗaura wa sinadarin garkuwar jiki rini mai ƙyalli, ya sa shi ya nemo furotin guda ya manne masa. A 1975 Köhler da Milstein suka gano yadda za a samar da irin wannan sinadari mai manufa ɗaya tak. Daga nan likita ya samu shaidu: sitokeratin na nuna ƙarin da ya fito daga fata ko shimfiɗar gaɓoɓi, bimentin na nuna na tsokar ciki, CD3 da CD20 kuma na rarrabe sankarar kaluluwa gida biyu.

Karnukan farauta ma suna da nasu: ƙarin al'aura da ke yaɗuwa ta barbara, wanda Novinsky ɗan Rasha ya tabbatar da yaɗuwarsa a 1876. Yana jin allurar binkiristin sosai, muddin ba a ɗauke shi da wani ƙarin ba.

Daga Kiru ko Tudun Wada, hanyar Zariya ta Kwanar Dangora ba ta da nisa. Abin da kan ɓata aikin shi ne samfurin: guntun tsokar da likita ya yanko dole ya shiga ruwan fomalin nan take, domin zafin rana na ruɓar da furotin ɗin da rinin ke nema.