Turbar Bakin Teku ta Cornwall da Ƙafafun da Suka Shata Ta

Cornwall wani zirin ƙasa ne a can ƙuryar kudu maso yammacin Ingila, wanda ya kutsa cikin Tekun Atlantika. Ruwan gishiri ya kewaye shi ta gefe uku, ta gabas kuwa Kogin Tamar ne ya raba shi da maƙwabciyarsa Devon. A kan duwatsun da suka yi wa gaɓarsa katanga akwai wata siririyar turba mai tsawon kusan mil 300, wadda dubban masu yawon ƙafa ke bi kowace shekara. Ita ce kashi mafi girma na doguwar hanyar da ake kira South West Coast Path, mai mil 630, wadda ta tashi daga garin Minehead ta ƙare a mashigin Poole. Turbar ba ta san miƙewa ba. Tana gangarawa cikin kowane kwazazzabo, ta sake hawowa, ta zagaye kowane hancin dutse, har an ƙiyasta cewa wanda ya bi hanyar daga farko zuwa ƙarshe ya yi hawan mita 35,000, kusan ninki huɗu na tsayin dutsen Everest. Wannan karkacewa tana da dalili, domin waɗanda suka fara shata turbar suna bakin aiki ne, kuma aikinsu shi ya ba ta siffar da take da ita.

A ƙarni na 18 gwamnatin Birtaniya ta ƙaƙaba haraji mai nauyi a kan ganyen shayi da taba da barasa da gishiri, don ta biya kuɗin yaƙe-yaƙenta. Kafin 1784 harajin shayi kaɗai ya kai kashi 119 cikin ɗari na farashinsa. Ga masuntan Cornwall, talakawa masu ƙananan jirage da suka san ruwansu ciki da bai, wannan ƙofa ce a buɗe. Sukan ɗauko kaya daga tsibirin Guernsey ko tashar Roscoff ta Faransa, su shigo da su a daren da babu farin wata, su sauke a wani lungun teku da duwatsu suka ɓoye. Daga nan mutanen ƙauye su kwashe gangunan a kafaɗa ko a bayan dawaki. Sana'ar ta yi ƙarfi har ta samu manyanta. John Carter, wanda lungun Prussia Cove ya samo suna daga laƙabinsa, ya girke bindigogi a kan dutse don kare wurin saukar kayansa. A Polperro kuwa Zephaniah Job ne ke riƙe wa masu fasa-ƙwauri lissafi da kuɗi, tamkar banki.

Hukuma ta daɗe tana laluben mafita. Ta fara da jami'an kwastan masu sintiri a kan doki, amma mutum ɗaya a kan mil da yawa ba ya hana komai. A 1809 aka kafa rundunar sintiri ta cikin ruwa, sannan a 1822 aka haɗe rundunonin wuri guda aka samar da masu gadin gaɓa. Tsarinsu shi ne asalin turbar. Aka jera tashoshi a bakin teku, kowane mai gadi aka yanka masa tazarar da zai taka da ƙafa, dare da rana, cikin iska da ruwan sama. Aikinsa ya leƙa kowane lungu da idonsa, don haka ba shi da damar yanke hanya ta cikin gonaki. Dole ya manne wa bakin dutse, ya sauka inda ƙasa ta sauka. Ba a kuma tura mutum aiki a garinsu, gudun kada ya haɗa baki da danginsa. Baƙi ne a cikin mutanen da ba sa ƙaunar ganinsu, shi ya sa aka gina musu gidaje a jere, sau da yawa nesa da gari. Da dama daga cikin gidajen suna nan tsaye a gefen turbar, haka ma matakalan dutse da ake tsallake katangun gonaki da su. Abin da ya karya lagon fasa-ƙwaurin a ƙarshe shi ne rage haraji da aka yi a tsakiyar ƙarni na 19, wanda ya cinye ribar. Masu gadin suka karkata ga ceton jiragen da haɗari ya rutsa da su, suka ci gaba da taka sawun magabatansu.

Akwai wasu masu tsayuwa a kan duwatsun da niyya dabam. A da, daga ƙarshen bazara zuwa kaka, gungun wani kifi dangin sadin kan matso gaɓar Cornwall da yawan da ke sauya launin ruwa. Kowane garin masunta yana da mai hange, wanda ke wuni a kan tudu. Da ya ga ruwa ya yi duhu sai ya ƙwala kira, ya ɗaga rassa biyu a hannu yana nuna wa jirage inda za su zagaya da taru, domin na cikin jirgi ba ya ganin abin da na sama ke gani. Mata ke jera kifin da gishiri a rumbuna, a matse mansa, a cusa shi a ganguna, akasari a kai Italiya. Zuwa farkon ƙarni na 20 kifin ya daina zuwa, sana'ar ta mutu. Farar bukkar mai hange ta Newquay tana nan a kan tudunta.

Inda tarihin ya fi nauyi shi ne gaɓar yamma, kusa da St Just, ƙasar kuza da tagulla. A nan turbar ta ratsa tsakanin kangayen gine-ginen dutse masu dogayen bututun hayaƙi. Ɗakunan injin tururi ne, waɗanda ke zuƙe ruwa daga ramuka, su kuma jawo ma'adini sama. A Botallack biyu daga cikinsu suna maƙale a jikin dutse, igiyar ruwa na dukan ƙasansu. An gina su a wannan wuri mai ban tsoro ne saboda jijiyar ma'adinin ta bi ta ƙarƙashin teku. Ramukan Levant sun yi nisan fiye da mil guda a ƙarƙashin ruwa, kuma mahaƙan yankin sun sha ba da labarin yadda suke jin gungurawar duwatsu a saman kansu idan teku ya fusata. Turbar da ke wannan yanki hanyar zuwa aikinsu ce. A ranar 20 ga Oktoba 1919 injin da ke hawa da sauka da ma'aikata a Levant ya karye, mutum 31 suka rasu, kuma ya kamata duk mai wucewa ta wurin ya san da haka. Tun bayan faɗuwar farashin tagulla a 1866 mahaƙan Cornwall suka riƙa watsuwa zuwa Amurka da Ostireliya da Afirka ta Kudu. Rushewar kasuwar kuza ta duniya a 1985, wadda ta taɓa Jos ma, ita ta ƙarasa abin da ya rage: wurin haƙar Geevor ya rufe a 1990, na South Crofty a 1998. A 2006 UNESCO ta sanya wuraren haƙar cikin kayan tarihin duniya.

Hanyoyin bakin kogi su ma gadon sufuri ne. A 1834 aka buɗe layin dogo tsakanin Wadebridge da Bodmin a kwarin Kogin Camel, kuma babban kayansa yashi ne. Yashin bakin kogin cike yake da garin bawon dodon-koɗi, manoma na zuba shi a gona don gyara ƙasa mai tsami. Layin ya kai Padstow a 1899, ya daina ɗaukar fasinja a 1967, daga baya aka cire ƙarafan aka mai da shi turbar Camel mai mil 18, shimfiɗaɗɗiya, wadda tsoho da yaro da mai keke ke iya bi. Haka hanyar da ta haɗa Portreath a arewa da Devoran a kudu: a da ta nan ake fitar da tagulla zuwa masana'antun narka ƙarfe na Wales, a shigo da kwal. Ita kuwa Hanyar Waliyyai, daga Padstow zuwa Fowey, an buɗe ta ne a 1986 don tunawa da matafiyan Ireland da Wales da ake jin sun gwammace ratsa ƙasa da ƙafa a kan zagaya ruwan Land's End mai haɗari. Tana haɗa tsofaffin majami'u da gicciyen dutse na gaske, amma jerin da aka yi mata na zamani ne.

Da ayyukan suka mutu, turbar bakin tekun ta shiga haɗarin ɓacewa, domin ƙasar da ta ratsa duk tana da masu ita. Dokar Ingila ta san haƙƙin wucewa, wani abu mai kama da burtali: gona ta mai ita ce, amma hanyar da ta ratsa ta ba ya da ikon toshe ta. Matsalar ita ce ba a rubuta yawancin hanyoyin ba, sai shinge da ƙaya suka riƙa cinye su. Ƙungiyar National Trust ta sayi tudun Barras Nose kusa da Tintagel tun 1897 don hana a gine shi. A arewacin Ingila kuma, a Afrilun 1932, ɗaruruwan ma'aikata suka hau tudun Kinder Scout da gangan ba da izinin masu ƙasa ba, aka ɗaure biyar daga cikinsu, lamarin da ya ja hankalin ƙasa. Dokar 1949 ta wajabta wa ƙananan hukumomi zana taswirar hanyoyin ƙafa, ta kuma ba da damar kafa dogayen hanyoyi na ƙasa. Duk da haka sai da aka shafe shekaru ana daidaitawa da masu gonaki ɗaya bayan ɗaya. Kashin Cornwall ya buɗe a 1973, shekarar da aka kafa ƙungiyar masu kula da hanyar, sannan aka kammala hanyar baki ɗaya a 1978. Gidauniyar Neptune da National Trust ta ƙaddamar a 1965 ta sayi ɗaruruwan mil na gaɓar ƙasar, kuma ba don ita ba da otal-otal da gidajen hutu sun rufe wurare da dama.

Abokin gabar turbar a yau shi ne tekun kansa. Kowane hunturu guguwa na zabtare wani sashe na dutse, a wayi gari hanyar ta faɗa ruwa. A da, duk inda haka ta faru haƙƙin wucewa ya tafi ke nan, sai an sake neman yardar mai ƙasa. Dokar 2009, wadda ta tanadi turba a kewayen gaɓar Ingila gaba ɗaya, ta gyara wannan: a wuraren da aka amince, idan gaɓa ta zaizaye, hanyar na ja da baya zuwa cikin ƙasa ba tare da an koma teburin sulhu daga farko ba. Gyaran matakala da gadoji da sare ƙaya kuwa yana wuyan ƙananan hukumomi da National Trust da masu aikin sa kai, waɗanda ke bin sassan hanyar da ƙafa suna kai rahoton duk inda ƙasa ta fara tsagewa.