Malaman Gona a Ɗakin Likita

A shekarar 2004 Shugaba George W. Bush ya ɗiba wa Amurka wa'adin shekara goma, cewa kafin cikarsa bayanan lafiyar yawancin Amurkawa su koma cikin kwamfuta. Bayan shekara huɗu, wani bincike da mujallar New England Journal of Medicine ta buga ya nuna kashi 4 cikin ɗari ne kacal na likitoci ke da cikakken tsarin yin hakan, wasu kashi 13 kuma suna da ƙwarya-ƙwaryansa. Da dama daga cikin sauran suna nan da biro da fayil na takarda.

Inda gizo ke saƙar shi ne ƙananan asibitoci, masu likita ɗaya zuwa goma. Babban asibiti yana da ma'aikatan kwamfuta da kuɗin ɗaukar asara. Shi kuwa likitan ƙauye sai ya kashe dubban daloli kan manhaja da na'urori, sannan ya rage yawan majinyatan da yake gani na tsawon watanni yayin da shi da ma'aikatansa ke koyo. Galibin ribar kuma, wato raguwar maimaita gwaje-gwaje da kurakuran magani, kamfanonin inshora da majinyata ne ke cin ta. Kura ce da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A ranar 17 ga Fabrairun 2009 Shugaba Barack Obama ya sa hannu a dokar farfaɗo da tattalin arziki, wadda ta ƙunshi dokar HITECH. Dokar ta tanadi ladan da ya kai dala 44,000 ga likita ƙarƙashin shirin Medicare na tsofaffi, ko dala 63,750 ƙarƙashin Medicaid na masu ƙaramin ƙarfi, muddin ya nuna yana amfani da tsarin yadda ya kamata. Wanda ya ƙi, za a fara zabtare masa kuɗin Medicare daga 2015.

Masu tsara dokar sun san kuɗi kaɗai ba zai koya wa likita sabon aiki ba, don haka suka waiwayi tarihin noma. Tun 1914 dokar Smith-Lever ta baza malaman gona a gundumomin Amurka, suna kai wa manomi ilimin jami'a har bakin gonarsa. Da wannan samfuri aka kafa cibiyoyi 62 a faɗin ƙasar, da kimanin dala miliyan 677, domin su tallafa wa ma'aikatan lafiya na matakin farko 100,000. Jami'in cibiya yakan je asibiti da kansa, ya taya likita zaɓar manhaja da yin ciniki da kamfani, ya horar da ma'aikata, ya sake tsara tafiyar majinyaci daga teburin rajista zuwa ɗakin likita. Birnin New York ya riga ya gwada irin wannan ƙarƙashin Dakta Farzad Mostashari, wanda a 2011 ya zama shugaban ofishin tarayya mai kula da shirin baki ɗaya.

Kwalliya ta biya kuɗin sabulu ta fuskar adadi: zuwa 2021 kusan huɗu cikin biyar na likitocin da ke duba majinyata a ofisoshinsu suna amfani da tsarin da hukuma ta tantance. Sai dai an biya wani farashi. Wani bincike na 2016 ya gano cewa duk awa ɗaya da likita ya yi da majinyata, yakan shafe kusan awa biyu kan kwamfuta da aikin tebur. Manhajojin kamfanoni daban-daban kuma sun daɗe ba sa musayar bayanai cikin sauƙi, har sai da majalisar dokoki ta yi wata doka a ƙarshen 2016 ta haramta toshe bayanan majinyata da gangan.