Wa ya ƙirga matattunmu? Haɗeja daga Marisuwa zuwa Korona

1/ Yau zare ne mai ɗan tsawo, ku gyara zama. Ɗan Haɗeja ne ni, ɗalibin tarihi a jami'a. Zan yi magana a kan annoba biyu da suka ratsa ƙasarmu, ta 1918 da ta 2020, da tambaya ɗaya da ta hana ni sukuni: yaushe ne hukuma take tunawa ta ƙirga talaka?

2/ Bari in fara da gida. A azumin 2020 kakana ya rasu. Zazzaɓi, tari, numfashi sama-sama, kwana biyar shi ke nan. Da safe ya cika, kafin azahar mun dawo daga maƙabarta. Ba gwaji, ba takardar shaidar mutuwa. Ina sakandare a lokacin, makarantu a rufe. Har yau ba mu san me ya kashe shi ba. Allah ya jiƙansa.

3/ Kuma ba shi kaɗai ba ne. A farkon watan Mayun 2020 jaridu suka ruwaito cewa kusan mutum ɗari sun rasu a Haɗeja cikin 'yan kwanaki, yawancinsu tsofaffi. Gwamnatin Jigawa ta turo kwamitin bincike. Amma wanda aka riga aka binne ba ya gwaduwa. Abin da ya rage sai tambayar iyalai: yaya ya yi kafin ya cika?

4/ Yanzu mu koma baya shekara ɗari da ɗoriya. A watan Afrilun 1906 sojojin Turawan Ingila suka ci Haɗeja da yaƙi, suka kashe Sarki Muhammadu, wanda muke kira Mai Shahada. Bayan bindiga, abu na gaba da Bature ya fito da shi littafi ne. Gida nawa, magidanci nawa, shanu nawa. Haraji da jangali ke nan.

5/ Ku lura da kyau fa. Mulkin mallaka ya ƙware a ƙirga mutane. Daga mai unguwa zuwa dagaci, daga hakimi zuwa sarki, zuwa Razdan, kowa da lissafinsa. A 1911 layin dogo ya iso Kano, gyaɗa ta fara tafiya teku. Ko a yunwar 1913 zuwa 1914, wadda ake kira Kakalaba, batun haraji bai bar wuyan talaka ba.

6/ Sai 1918. A watan Satumba wani jirgin ruwa mai suna Bida ya tsaya a Legas ɗauke da masu murar da ke kashe mutane a duniya a ƙarshen yaƙin duniya na farko. Cutar ta bi layin dogo da koguna da hanyoyin fatake ta hauro Arewa. Kakanninmu suka sa mata suna Marisuwa.

7/ Masana tarihi sun ƙiyasta cewa ta kashe kusan mutum rabin miliyan a Najeriya, a lokacin da jama'ar ƙasar ba su wuce miliyan 18 ba. Ƙiyasi na ce. Hukumar da ta san adadin shanun Bafulatani a rugarsa ba ta da rajistar mutanen da suka mutu a ƙauye. Asibitin birnin Kano ma sai a shekarun 1920 aka gina shi.

8/ Dalili a fili yake. Mai rai yana biyan haraji, yana noma gyaɗa. Matacce kuwa ba abin da za a karɓa a wurinsa, sai dai a soke sunansa daga littafi. Tsarin da aka gina don kwasa ba ya ɓata tawada a kan wanda ba ya kawo komai.

9/ Wannan zaluncin ne ya haifi NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950. Takardarsu ta Sawaba ta faɗi ƙarara cewa akwai gwagwarmayar aji tsakanin masu riƙe da mulkin En'e da talakawa. Su Malam Aminu Kano da Gambo Sawaba sun sha ɗauri da tsangwama a kan wannan magana. Ba daga Turai aka yi mana aron ta jiya ba, tamu ce.

10/ A 1979, lokacin Haɗeja tana cikin tsohuwar jihar Kano, gwamnatin PRP ta Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali. Ku tambayi tsofaffinku yadda aka yi murna. Jigawa sai 27 ga Agusta 1991 aka ƙirƙire ta. Wato siyasar talakawa ta taɓa cin zaɓe a nan, ta kuma taɓa canza rayuwar mutane a zahiri.

11/ Amma a 1986 gwamnatin Babangida ta kawo SAP bisa tsarin masu ba da bashi na duniya. Aka karya darajar naira, aka tsuke kuɗin da ake kashewa jama'a. Asibitin gwamnati ya koma wurin da ake rubuta maka takarda ka je kemis. Wanda bai da kuɗi ya koma gida ya jiƙa saiwa.

12/ A 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja, a garinmu fa, suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi ga lafiya. Gwamnatin tarayya ba ta taɓa kaiwa ba, yawanci tana yawo ne wajen kashi 5. PDP ta yi shekara 16, APC ta karɓa a 2015, labarin bai canza ba. Don haka kar wani ya zo min da kwalliyar jam'iyya.

13/ Masu mulki ba su damu ba ne saboda suna da ƙofar fita. A 2017 shugaban ƙasa Buhari ya yi sama da kwana ɗari a Landan yana jinya a tafiya ɗaya. A kasafin 2020 naira biliyan 37 aka fara warewa don gyaran ginin majalisar tarayya. Sai ga korona, aka rufe filayen jirgi. Ranar 17 ga Afrilu 2020 Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa, ya rasu a Legas.

14/ Mu bi kwanakin. 27 ga Fabrairu 2020 aka samu mutum na farko a Legas. 30 ga Maris aka kulle Legas da Abuja, Ogun ta biyo baya. A Afrilu masu haƙa kabari a Kano suka fara cewa gawarwaki sun yi yawa. Ku ji fa: masu haƙa kabari ne suka zama ofishin ƙididdigarmu.

15/ Da farko gwamnatin Kano ta danganta mace-macen da zazzaɓin cizon sauro, hawan jini, ciwon suga da sanƙarau. Ɗakin gwajin da ke Kano ya tsaya aiki na wasu kwanaki a daidai lokacin. A watan Yuni ministan lafiya Osagie Ehanire ya ce an gano mutuwar mutum 979, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na iya zama korona ce.

16/ Mu a Jigawa, a farkon annobar ko ɗakin gwajin ba mu da shi, sai an kai samfur wata jiha a jira. To ka ce min tsoho a Auyo ko Kafin Hausa ko Guri, da zazzaɓi a bakin azumi cikin zafin Afrilu, ta ina zai shiga lissafi? A ƙasar da mutuwa kusan ɗaya cikin goma kawai ake yi wa rajista?

17/ Dokar kulle kuma ba iri ɗaya ta zo wa kowa ba. Mai albashi ya zauna a gida, wata ya ƙare kuɗi ya shigo. Babana kifi banda yake lodi zuwa kudu. A takarda an ce motar abinci ta wuce. A hanya kuwa kowane shinge da farashinsa. Masu tattasai da tumatir a fadama sun fi mu shan wuya, don nasu kayan ba ya jira.

18/ Ga almajirai. Gwamnonin Arewa suka yanke shawarar kowa ya mayar da yaran jiharsu ta asali. Aka riƙa loda yara a motoci ana tsallaka iyakoki a tsakiyar annoba, wasunsu da aka gwada aka same su da cutar. Shekara da shekaru ba wanda ya ƙirga su don makaranta ko abinci. Ranar da suka zama abin tsoro, ranar aka san adadinsu.

19/ Gaskiya ɗaya kuma a kanmu. Da yawanmu mun ce korona ƙarya ce, ko ciwon masu hawa jirgi ne. Ni ma na faɗa, na yi wa masu takunkumi dariya, kafin kakana ya kwanta. Mun yi kuskure, kuma wataƙila kuskuren ya ci rayuka. Ba zan wanke kaina ba.

20/ Sai dai rashin yardar yana da tarihi. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a binciken da ya shafi yara kusan 200, 11 suka mutu, shari'ar ta kai har sulhun 2009. A 2003 aka ƙaurace wa rigakafin shan inna. Wanda bai taɓa ganin hukuma ta kawo masa ko farasitamol kyauta ba, dole ya yi tambaya ran da ta zo da allura.

21/ Na san wani zai ce ajali ne. Ƙwarai, kowa da ranarsa. Amma Sayyidina Umar da ya ji annoba ta ɓarke a Sham juyawa ya yi da tawagarsa, bai shiga ba. Imani da ƙaddara bai taɓa sauke wa shugaba nauyin da ke kansa ba. Mai riƙe da baitulmali za a tambaye shi.

22/ Ba mu gama da korona ba sai ga ruwa. A Satumban 2020 kogin Haɗeja ya cika ya batse, ya cinye gonakin shinkafa da gidaje. Dam ɗin Tiga na 1974 da na Challawa na 1992 sun canza tafiyar kogin, kachala ta toshe hanyoyin ruwa. Mu samari muka kwana muna cika buhuna da ƙasa muna tare jinga. Ba wanda ya biya mu.

23/ Wata guda bayan nan, a Oktoban 2020, bayan zanga-zangar EndSARS, mutane suka fasa rumbuna a Legas da Jos da wasu garuruwa, suka tarar da kayan tallafin korona jibge. An kulle mutane a gida tun Maris da Afrilu, abincin yana kulle a sito har Oktoba. Kowane bayani aka bayar, yunwa ba ta jira shi ba.

24/ A duniya ma haka aka yi mana. Ƙasashe masu kuɗi suka saye rigakafi tun kafin a gama haɗa shi. Namu na farko sai 2 ga Maris 2021 ya sauka, ƙasa da miliyan 4 ga mutum sama da miliyan 200. A Disamban 2021 Najeriya ta lalata sama da miliyan ɗaya da aka ba mu dab da lalacewarsu. Yadda Abuja ke yi wa Haɗeja, haka duniya ke yi wa Abuja.

25/ Kar a ce ba a iya ƙirga mu. A Disamban 2020, ana tsakiyar dawowar cutar, aka ce kowa ya haɗa layinsa da NIN ko a rufe, muka yi cincirindo a layi. A zaɓen 2023 INEC ta yi rajistar sama da mutum miliyan 93, na'ura ta kai har rumfar ƙauye. In ƙuri'a ce ko caji, za a nemo ka ko a tsakiyar fadama kake.

26/ Ranar 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin mai da jumla ɗaya, aka ce kuɗin zai dawo wa talaka ta wata hanya. Kason jihohi ya ƙaru, wannan gaskiya ne. To ku leƙa ƙaramin asibitin mazaɓarku. Akwai ungozoma da dare? Akwai wuta? Akwai iskar oksijin? In wata annobar ta zo gobe, me ya bambanta da 2020?

27/ Akwai doka ma a ƙasa. Dokar lafiya ta 2014 ta ce a ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya a matakin farko. Haƙƙinku ne, ba alfarma ba. Masu neman ƙuri'ar 2027 sun kusa fara zuwa da taliya da atamfa. Ku tambaye su nawa ya iso asibitin mazaɓarku, wa ya sa hannu, me aka saya.

28/ Abin da nake roƙo biyu ne. Na ɗaya, a sa rajistar haihuwa da mutuwa kyauta a kowace mazaɓa, da dalilin mutuwar, don a gane annoba tun kafin maƙabarta ta faɗa mana. Na biyu namu ne: ku zauna da tsofaffin gidanku, ku tambaye su me suka ji game da Marisuwa, ku rubuta.

29/ Ni na fara da unguwarmu. Na sayi littafi, ina bi gida-gida ina rubuta waɗanda suka rasu a azumin 2020: suna, shekaru, kwana nawa suka yi a kwance. Kakana ne na farko a shafin. Duk ɗan Haɗeja ko Malam Madori ko Kiri Kasamma da ke son yin irinsa a unguwarsu, ya yi min magana in nuna masa yadda na tsara nawa. Allah ya jiƙan magabatanmu.