Daga DES zuwa BPA: tarihin dokar da ta saba zuwa a makare

Homon suna ne na sinadaran da jikin mutum da na dabba suke haɗawa da kansu a wasu gaɓoɓi na ciki, kamar ƙwan mace da maraina da wata 'yar tsoka da ke maƙogwaro, sannan jini ya ɗauke su ya kai sassan jiki daban-daban domin su tsara girma da balaga da haihuwa da yadda jiki ke sarrafa abinci. Aikinsu ya yi kama da na ɗan aike, wanda ba ƙarfinsa ake dubawa ba, saƙon da ya ɗauko da lokacin da ya iso su ne abin lura, shi ya sa ɗan abin da bai taka kara ya karya ba daga cikinsu yake iya sauya halittar ɗan tayi. Sinadaran da ake kira masu hargitsa homon kuwa su ne waɗanda suke shiga jiki daga waje su kwaikwayi wannan saƙo, ko su toshe shi, ko su jirkita yawansa. Tarihin yunƙurin hukumomi na taka musu birki ya ɗauki kusan shekara casa'in, kuma ana iya bin sawunsa ta hanyar sinadarai biyu da suka ratsa ta hannun mutum ɗaya a birnin Landan.

Mutumin shi ne Charles Dodds, masanin sinadaran jiki a asibitin Middlesex, wanda a shekarun 1930 ya duƙufa wajen neman sinadari mai araha da zai yi aikin estirojin, wato homon ɗin da ke tafiyar da al'amuran haihuwa a jikin mace, domin a lokacin ana samun na asali ne da wahala da tsada. A 1936 shi da abokin aikinsa Wilfrid Lawson suka nuna cewa bisfenol A, wanda aka fi sani da BPA, wanda kuma wani masani ɗan Rasha mai suna Aleksandr Dianin ya fara haɗawa tun 1891, yana yin aikin estirojin a jikin ɓeraye, sai dai da rauni. Bayan shekara biyu, a 1938, Dodds da abokan bincikensa suka haɗa wani sinadari mai ƙarfin gaske wanda ake taƙaita sunansa da DES, aka rungume shi a matsayin magani, aka manta da na farkon. Saboda da kuɗin gwamnatin Birtaniya aka yi binciken, ba a yi wa DES rajistar haƙƙin mallaka ba, don haka kowane kamfanin magunguna ya sami damar haɗa shi ya sayar da sunan da ya ga dama, lamarin da ya sa daga baya ya yi wuya a gane wanda za a kama da laifi.

Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da DES a 1941, kuma a 1947 ta faɗaɗa izinin ya haɗa da ba mata masu juna biyu domin hana ɓari, bisa ra'ayin da George Smith da matarsa Olive Smith na Jami'ar Harvard suka yaɗa cewa ƙarancin homon ne ke haddasa zubewar ciki. A 1953 William Dieckmann na Jami'ar Chicago ya gwada wannan ra'ayi a kan mata fiye da 1,600, ya ba rabinsu maganin, ya ba sauran ƙwayar da babu komai a cikinta, sakamakon ya nuna cewa DES ba ya hana ɓari ko kaɗan. Duk da haka likitoci suka ci gaba da rubuta shi har kusan shekara ashirin, domin kafin 1962 dokar Amurka ba ta tilasta wa kamfani ya tabbatar da cewa maganinsa yana aiki ba, kuma matan da suka sha ba a ga wata illa a jikinsu nan take ba. An kuma yi imani a wancan zamani cewa mabiyiya katanga ce da ke tsare ɗan tayi daga duk abin da uwa ta sha. A lokaci guda sinadarin ya shiga harkar kiwo, inda aka riƙa zuba shi a abincin shanu tun 1954 domin su yi saurin ƙiba.

Gaskiya ta fito a watan Afrilun 1971, lokacin da Arthur Herbst da abokan aikinsa na babban asibitin Massachusetts da ke Boston suka wallafa bayanin 'yan mata takwas, masu shekara 15 zuwa 22, da suka kamu da wani nau'in sankarar farji wanda a da sai a jikin tsofaffin mata ake ganinsa, shi ma da ƙyar. Bakwai daga cikinsu iyayensu mata sun sha DES suna ɗauke da cikinsu. Kafin shekarar ta ƙare FDA ta gargaɗi likitoci da su daina ba masu juna biyu, amma a Faransa an ci gaba har 1977, kuma Amurka ba ta hana ba shanu shi kwata-kwata ba sai 1979. Hukumomin lafiya na Amurka sun ƙiyasta cewa mutum miliyan biyar zuwa goma ne, uwaye da 'ya'yansu, maganin ya shafa a ƙasar. Sankarar ta kama kusan mace ɗaya a cikin dubu daga waɗanda aka haifa a wannan hali, amma nakasar mahaifa da rashin haihuwa da ɓari da haihuwar bakwaini sun fi haka yawa nesa ba kusa ba, wato maganin da aka sha domin tsare ciki ya koma sanadin zubewar cikin 'ya'yan waɗanda suka sha.

Muhimmancin wannan al'amari ya wuce adadin waɗanda suka jikkata, domin ya girgiza ƙa'idar da ilimin guba ya ginu a kanta tun zamanin Paracelsus, likitan ƙarni na 16, wadda ke cewa yawan abin da aka sha shi ne ke mai da shi guba. A bisa wannan ƙa'ida ake ba dabbobi sinadari mai yawa, a riƙa ragewa har a kai inda ba a ga illa ba, sannan a raba wannan adadi, galibi gida ɗari, a ce abin da ya fito shi ne ɗan Adam zai iya ɗauka kullum lafiya. DES ya nuna cewa lokacin da abu ya shiga jiki yana da nauyi kamar yawansa, cewa wanda ya sha yana iya tsira illar ta faɗa wa wanda ke cikinsa, kuma cewa cutar tana iya ɓuya shekara ashirin kafin ta bayyana. Gwajin da ake kammalawa cikin 'yan watanni a kan manyan dabbobi ba zai taɓa hango irin wannan ɓarna ba.

Masu nazarin namun daji ma sun daɗe suna ganin alamu, tun daga ƙwan tsuntsaye da ɓawonsa ya yi laushi saboda DDT har zuwa dodon koɗin teku mata da suka fara fitar da gaban maza saboda fentin jiragen ruwa. Wata masaniya mai suna Theo Colborn ce ta tara masana daga fannoni daban-daban a cibiyar Wingspread da ke jihar Wisconsin a watan Yulin 1991, inda aka haɗa waɗannan shaidu da labarin DES a ƙarƙashin suna ɗaya, wato masu hargitsa homon. A 1996 majalisar dokokin Amurka ta umarci hukumar kare muhalli ta tsara hanyar tantance irin waɗannan sinadarai, amma sai a 2009 aka aika wa kamfanoni umarnin gwaji na farko.

Shi kuwa BPA da aka ajiye a gefe, ya sami sabuwar rayuwa a masana'antu. A 1953 masana a kamfanonin Bayer da General Electric suka gano yadda ake yin wata roba mai tauri da haske daga gare shi, wadda aka yi fidar jarirai da gorunan ruwa da ita, aka kuma yi amfani da shi wajen shafe cikin gwangwanayen abinci da kuma takardar rasit. Lokacin da Amurka ta yi dokar sa ido kan sinadarai a 1976, ta ƙyale kimanin 62,000 da suke kasuwa tun da farko su ci gaba ba tare da sabon gwaji ba, kuma BPA yana cikinsu. A 1993 masu bincike a Jami'ar Stanford suka gano cewa yana zubowa daga kwalaben roba idan aka dafa su, a 1998 kuma wata mai bincike mai suna Patricia Hunt ta ga ƙwayayen haihuwar ɓerayenta sun lalace bayan an wanke kejinsu na roba da sabulu mai kaifi bisa kuskure. Binciken da aka yi a Amurka a 2003 zuwa 2004 ya sami sinadarin a fitsarin kashi 93 cikin ɗari na mutanen da aka gwada.

Daga nan taƙaddama ta koma kan tambayar da ita ce ƙashin bayan wannan tarihi: wa ya kamata ya kawo hujja, mai sayarwa ne zai tabbatar da cewa kayansa ba sa cutarwa, ko jama'a ne za su jira sai cutar ta tabbata? Ba za a iya ba mata masu ciki BPA domin gwaji ba, kuma da yake kusan kowa yana ɗauke da shi, babu waɗanda za a kwatanta da su, saboda haka wanda ya ce sai ya ga hujja irin ta DES yana neman a sake maimaita abin da ya faru ne. Kanada ta ayyana shi a matsayin guba a 2010, Tarayyar Turai ta hana shi a fidar jarirai a 2011, Faransa ta hana shi a duk mazubin abinci daga farkon 2015. FDA ta cire shi daga fida a 2012, amma bisa dalilin cewa kamfanoni sun riga sun daina, ba don ta yarda yana da haɗari ba. Ko a Turai ma an yi jan ƙafa, domin Hukumar Tarayyar ta wuce wa'adin Disamban 2013 na fitar da ma'aunin gane waɗannan sinadarai, har sai da Suwidin ta kai ta kotu ta yi nasara a Disamban 2015.

A watan Afrilun 2023 hukumar kula da ingancin abinci ta Turai ta rage adadin BPA da take ganin jiki zai iya ɗauka kullum har ninki 20,000, duk da cewa hukumar tantance haɗari ta Jamus da hukumar magunguna ta Turai ba su yarda da lissafin ba. A Disamban 2024 Tarayyar ta haramta shi a kayan da ke taɓa abinci, tare da ba masana'antu wa'adin sauyawa, shekara 88 bayan binciken Dodds da Lawson. Dokar ta taɓo sauran bisfenol masu haɗari ma, domin da yawa daga kayan da aka rubuta musu cewa babu BPA a ciki an yi su ne da ɗan'uwansa bisfenol S, wanda gwaje-gwaje suka nuna shi ma yana kwaikwayon estirojin.