Hayar Gida a Alƙahira: Abin da Ɗalibin Sakkwato Ya Kamata Ya Sani

Yaƙin Sudan da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya kora dubban ɗaruruwan mutane zuwa Masar, kuɗin haya a Alƙahira kuwa ya yi tashin gwauron zabi. Saɓanin Sakkwato, inda akan biya kuɗin shekara, a can wata-wata ake biya, ban da kuɗin ajiya da la'adar dillali. Hayyul Ashir, matattarar ɗaliban Azhar baƙi, ta fi Zamalek araha nesa ba kusa ba.

Dokar haya ta 1996 ta bar farashi da wa'adi a hannun ɓangarorin biyu. Da wa'adi ya cika, mai gida na iya ƙara kuɗi ko ya tashi ɗan haya. Saboda haka a rubuta yarjejeniya, a yi mata rajista, domin akan nemi ganinta wajen sabunta izinin zama.